Igiyar Takalmi Biyu Ce: Nasiha Ga Mai Son Koyon Saƙa



Zancen da na zo muku da shi yau a kan abin da kuke sunkuyawa ku ɗaure kowace safiya ne ba tare da kun tsaya kun dube shi ba, wato igiyar takalmi. Na san wani zai ce, duk abubuwan da suka dami matasa, ga rashin aiki ga tsadar rayuwa, ba a ga abin yin nasiha a kai ba sai igiyar kambas? Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Na daɗe ina saƙa siraran maɗaurai da hannuna duk lokacin da na samu sarari, kuma a cikinsu babu wanda ya hore ni kamar wannan 'yar igiya. Kowa ya raina gajere, bai taka kunama ba.

Abin daɗaɗɗe ne ƙwarai. A shekarar 2008 masu tonon kayan tarihi sun samu wani takalmin fata a cikin kogo a ƙasar Armeniya, aka ƙiyasta shekarunsa sun kai 5,500, kuma an same shi da igiyarsa ta fata a zarge cikin hudojinsa. Can kuma ƙuryar arewacin Turai, inda Norwe da Suwidin da Finlan suka haɗa iyaka har zuwa wani yanki na Rasha, akwai al'ummar Sami, makiyayan wata irin barewa mai jure sanyi. Takalmansu na fatar wannan dabba ne, kuma suna saƙa dogon maɗauri mai launi, galibi da ja da rawaya da shuɗi, su naɗe bakin takalmin da shi a ƙwauri don kada ƙanƙara ta shiga. Kayan saƙarsu bai wuce wani ɗan allo mai tsage-tsage da hudoji ba, na ƙaho ko na ƙashi ko na itace. Mace takan ɗaure ƙarshen zare ɗaya a ƙugunta, ɗaya ƙarshen a wani abu mai ƙarfi, ta zauna ta kama aiki. Wanda ya san al'adarsu yakan dubi zanen maɗaurin ya gane yankin da mai takalmin ya fito, har ya gane na mace ne ko na namiji.

Ba na kawo muku labarin nesa don ku ga kamar abin baƙo ne ba. Siririyar saƙa gadonmu ce. Masaƙin Hausa na asali bai taɓa saƙa yadi mai faɗi a zama ɗaya ba. Yana zaune ne, ƙafafunsa suna ɗaga andira suna saukewa, ƙoshiya tana kai da komo a hannunsa, zaren ya miƙe can gaba inda kunkuru, wato nauyin da ke riƙe shi, ya danne shi, yana fitar da ƙwarya mai faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka. Daga baya ne ake jera ƙwarya-ƙwarya a ɗinke su zama riga ko zane ko gwado. Mata ne ke da masaƙar tsaye mai faɗi a cikin gida. Turkuɗin da garin Kura ya shahara da rini da bugunsa, wanda Buzaye ke naɗawa, da sawaye ake haɗa shi, kowane faɗinsa kamar ɗan yatsa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbutu. Duk wannan fatauci a kan siririn ƙyalle ya tsaya. Saboda haka yaron da ya zauna yau ya saƙa igiya mai faɗin rabin yatsa, ƙofar gidan kakanninsa ya ƙwanƙwasa.

To, yaya ake yi? Akwai wata 'yar masaƙa ta kan tebur da Turawan Ingila ke kira inkil. Katako ne aka kafa wa turaku a gefe ɗaya, ana zagaya zare a kansu har a samu tsawon da ake so, sannan akwai turke ɗaya da ke matsawa gaba da baya don tsaurarawa ko sassautawa. Duk kafintan da aka zana wa ita a takarda zai iya yin ta. Wanda ba shi da kuɗin kafinta kuma kada ya ce ya samu uzuri, domin ƙarfen taga da ƙugunsa sun ishe shi, kamar yadda suka ishi matan Sami. Sirrin ɗaya ne a ko'ina. Zaren tsaye ana raba shi gida biyu, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Rabi a sarƙafe su da 'yan madaukai na zare mai ƙarfi su tsaya wuri ɗaya, rabi a bar su sake. In ka ɗaga sakakkun sai ƙofa ta buɗe, ka wuce da zaren gicciye, ka danne. In ka tura su ƙasa wata ƙofar ta buɗe, ka dawo da shi, ka danne. Haka za ka yi ta yi har ka kai ƙarshe.

A irin wannan saƙa zaren tsaye ne ke rufe fuska gaba ɗaya, na gicciye yana ɓoye a ciki, ba a ganinsa sai 'yan ɗige-ɗige a gefe. Shi ya sa ake zaɓar masa launi ɗaya da zaren gefe. Zanen kuwa tun wajen wadari, wato jera zaren tsaye, ake yanke shi. In ka jera launi ɗaya a sama da ƙasa, layi zai bi tsawon igiyar. In ka sa sama baƙi ƙasa fari, za ka samu zane a gicciye kamar matakan tsani. Zaren auduga siriri mai murɗi sosai ya fi dacewa, irin na saƙar kwarashi, kuma zare ashirin zuwa talatin kan isa gwargwadon kaurinsa. Kada faɗin ya wuce abin da hudar takalmin za ta karɓa. Mai son igiya mulmulalliya sai ya riƙa shigar da zaren gicciye ta gefe ɗaya kullum yana ja da ƙarfi, saƙar za ta naɗe kanta ta koma kamar bututu.

Wannan duka a yini ɗaya za ka iya fahimtarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana gaba.

Igiyoyina na farko na saƙa su ne don ɗan yayata da zai shiga sakandare. Ta farko na yi maraice uku a kanta. Kowane zare na wuce da shi sai na tsaya na duba gefe, na gyara, na danne a hankali. Da na sauke ta na ga ta yi kyau, sai zuciyata ta ce mini ai na iya. Ta biyu a dare ɗaya na gama ta, ina sauraron rediyo, hannu yana gudu. Da gari ya waye na jera su a tabarma. Ta biyu ta gaza ta farko da yatsa huɗu, ta fi ta siranta, kuma a wurare biyu ta tsuke kamar ƙugun zanzaro. Ko wacce ka ɗauka ita kaɗai za ka ce ba laifi. A jere kuwa babu mai kallonsu ya ce 'yan gida ɗaya ne.

Na kwashe su na kai wa wani tsohon masaƙi da ke unguwarmu a lokacin, Allah Ya jiƙansa. Ya juya su a hannu, ya ja wannan, ya ja waccan, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Can ya ce, "Mutum biyu ne suka saƙa?" Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba." Ya ce, "A'a, yaro, mutum biyu ne. Na farko yana tsoron zare, na biyu ya raina shi." Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko zugu ya warware mini, ya naɗo farkonsa ya ɗora a kan ƙarshensa. Faɗin ɗaya, taurin ɗaya, ka ce a sa'a guda aka saƙa, alhali aikin kwanaki ne. Ya ce mini ƙwarya ɗaya ba ta zama riga. In maɗinki ya jera ƙwarya goma ya ga ɗaya ta kumbura ɗaya ta tsuke, rigar za ta karkace a jikin mai ita, kuma gobe ba zai dawo wurinka ba. Ya ce shi a wurinsa wanda ya saƙa kyakkyawa sau ɗaya bai zama masaƙi ba tukuna, sai ranar da ya maimaita.

Maganar nan ta zauna mini, kuma ita nake so ta zauna muku. Igiyar takalmi ba ta zuwa ita kaɗai. Tun muna yara malamai suka karantar da mu cewa in maɗaurin takalmin mutum ya tsinke, ba a so ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya a takalmi sai ya gyara. Ƙafa biyu ce, hakkinsu ɗaya. Igiyar farko kowa na iya dacewa da ita, domin sabon abu yana da daɗi, ido a buɗe yake, zuciya tana ɗoki. Ta biyu ce mai wuya. Ɗoki ya wuce, kafaɗa ta fara ciwo, babu wani sabon abin da za ka gano, ga waya a gefe tana kiranka. Amma dole hannunka ya ja zare da ƙarfin da ya ja jiya, ba ƙari ba ragi. Na lura yawancin abin da ke karya matasanmu a sana'a a nan yake. Telan da ya ɗinka maka kaftani ka yaba, ka koma da yadi mai tsada ya ɓata. Mai abincin da ta buɗe shago da girki mai daɗi, bayan wata biyu gishiri ya fara yawa yau ya gaza gobe. Ba baiwa suka rasa ba. Ba a taɓa zaunar da su an ce su yi ta biyu daidai da ta farko ba.

Ita kuwa igiya ba ta rufa wa kowa asiri. Babban bargo yana iya haɗiye kuskure a tsakiyarsa, ba mai gani. Abin da faɗinsa bai kai yatsa ba kusan duka gefe ne, kuma a gefe ake karanta hannun mai saƙa. In ka ja zaren gicciye da fushi, wurin zai tsuke. In ka ja da kasala, madauki zai leƙo a gefe, kuma wannan madaukin ne hudar takalmi za ta fara ci. Inda ka tashi ka amsa sallama ka dawo da wani yanayi, akwai alama. Inda magariba ta yi ka ƙi kunna fitila, akwai alama. Ni kan dubi tsofaffin igiyoyina in tuna ranar da raina yake a ɓace. Bayan haka kuma ga jarrabawar da ba a ba da cin hanci a cikinta: ƙafar yaro ɗan makaranta. Za a ja ta safe da yamma, a taka ta a ƙura, ruwan damina ya jiƙa ta, a wanke ta da omo. In akwai ha'inci a cikinta, kafin zangon karatu ya ƙare zai fito.

Ta yaya ake samun biyu su daidaita? Ba da dogaro da ƙwaƙwalwa ba. Ka samu ɗan littafi ka rubuta komai: zare nawa na kowane launi, a wane jeri, tsawon wadari nawa. Ka yanki ɗan kwali ka yi masa zane biyu daidai faɗin da kake so, duk bayan ɗan taƙi ka ɗora shi a kan saƙar ka gani. Kada ka ji kunyar awo. Tsohon da na ba ku labari idonsa ya zama ma'auni ne bayan shekaru masu yawa, kai kuwa yau ka fara. Tsawo kuma ka cire tsohuwar igiyar takalmin ka auna da tef ɗin tela. Kambas mai huda shida a kowane gefe yakan ci wajen santimita 115 zuwa 120. Ka sani saƙa tana cin zare, domin zaren tsaye yana hawa yana sauka a kan na gicciye, saboda haka ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan tsawon da kake nema, ban da abin da zai tafi a ɗauri. Wannan cin zaren shi ne ke sa saƙar ta riƙa tsauri kana cikin aiki, sai ka riƙa sassauta turke kaɗan-kaɗan. A nan na yi kuskure a igiyata ta biyu. Na bar ta ta yi tsauri fiye da kima, na auna ta tana miƙe a kan masaƙa, da na sauke ta sai ta koma. Ka sassauta kafin ka auna. In masaƙarka tana da tsawo, ka yi wadari ɗaya da zai ɗauki igiyoyin biyu, ka bar ɗan fili a tsakani, ka raba su bayan ka gama. Hakan zai daidaita maka launi da yawan zare, amma ba zai daidaita maka hannu ba.

Kafin wadari ma, ka jiƙa ɗan guntun zaren ka goga a farin ƙyalle. Wanda ya taɓa sa rigar shuni ya san yadda launi ke bin jiki, kuma ba ka so jan zarenka ya ɓata wa wani farin takalmi a ruwan farko.

Sai bakin igiya, wurin da masu koyo suka fi yi wa riƙon sakainar kashi don sun ga an kusa gamawa. In bakin ya tarwatse, igiyar ba ta shiga huda, duk wahalar da ka sha ta tafi a banza. Ka naɗe shi tamau da siririn zare kamar tsawon gaɓar yatsa, ka shafa gam, ka bari ya bushe sarai, sannan ka yanke da reza mai kaifi. Ko ka nemi ɗan bututun robar nan da masu gyaran lantarki ke sa wa waya, wanda ke tsukewa in ya ji zafi. Ka ɗiga gam a ciki kafin ka gasa shi, in ba haka ba zai zame. Baki huɗu ne, kuma na huɗun yana da hakki daidai da na farko.

Bari in ɗan ratse, tunda muna kan zancen. Da yawa suna zargin igiya da kwancewa alhali ƙullinsu ne bai yi ba. A 2017 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka ɗauki hoton ƙafa tana gudu da kyamara mai rage sauri, suka nuna cewa bugun ƙafa a ƙasa yana sassauta ƙullin, lilon ƙafa kuma yana fizgar bakunan igiyar, su biyun suka haɗu sai ƙulli ya warware cikin 'yan taku. Ku duba naku yanzu. In kunnuwan ƙullin sun kwanta a gicciyen takalmi, daidai ne. In sun juya sun bi tsawonsa, ɗaya yana kallon yatsu ɗaya yana kallon ƙwauri, to ƙullin mai rauni ne, sai ku juya hannun ɗaurin farko. Igiyar auduga kuma ta fi ta roba mai santsi riƙe ƙulli.

Ba zan ruɗe ku da zancen kuɗi ba. Inji yana kitsa igiyoyi masu ɗimbin yawa a lokacin da kai ba ka gama taƙi ɗaya ba, kuma mai tebur a bakin kasuwa yana sayar da su da arahar da ko kuɗin zarenka ba za ta mayar ba. Duk wanda ya ce maka da igiyar takalmi kaɗai za ka yi aure, bai faɗa maka gaskiya ba. Akwai dai masu nema: wanda ke son launin ƙungiyar ƙwallonsa, wanda takalminsa ke buƙatar tsawon da babu a kasuwa, wanda ke son ba da kyautar da ba a saya a ko'ina. Amma ribar da na fi hango muku ita ce hannun da igiyar za ta bar muku. Hannun da ya iya riƙe gefe a miƙe na santimita 120, sau biyu, shi ne zai saƙa zariyar wando, da maratayin gafaka, da hannun jaka, da maɗaurin katin shaida, har da hamilar takobi ta hawan sallah. Kuma in ka bar saƙa gaba ɗaya ka zama makanike ko ma'aikaciyar jinya ko mai gyaran waya, za ka tafi da ɗabi'ar auna aikin yau da na jiya. Kuskure a nan ba ya cin komai sai ƙullin zare ɗaya da maraice biyu, shi ya sa na fi so ku yi kurakuranku a nan kafin a damƙa muku yadin amarya ko injin motar wani.

Ku 'yan mata, wannan magana taku ce daidai da ta maza. Ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar wutar lantarki, ana yin ta a tsakar gida bayan la'asar. Kakanninku mata ne suka gurje auduga suka shiɓe ta, suka murza mazari da alli a yatsa, suka ba masu saƙa zaren da ya kai sunan Kano har bakin teku. Kada wata ta bari a ce mata zare ba nata ba ne.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan ilimi suna ƙarewa. Masaƙun zamani na Kaduna da Kano da suka janye mutane daga saƙar hannu, su ma yawancinsu sun rufe. Tsofaffin da suka rage a ƙauyuka da lungunan birane, da yawa 'ya'yansu sun kama wata hanya, andira tana rataye a bango gizo-gizo ya yi gida a kanta. Bidiyon waya zai nuna maka inda zare ke bi, wannan gaskiya ne, kuma ku yi amfani da shi. Amma ba zai kama igiyarka ya ja ta ya ce maka mutum biyu ne suka saƙa ba. Wannan sai mai hannu.

Don haka ga roƙona. Ku sayi zare launi biyu, ku ɗaure a taga, ku saƙa ta farko. Komai muninta kada ku jefar, kuma kada ku tsallaka zuwa wani sabon zane. Ku zauna ku saƙa ta biyu, ku jera su a tabarma ku duba da gaskiya. Sannan ku tambaya a unguwarku ko a garinku ko akwai sauran tsohon masaƙi ko tsohuwa mai kaɗi. In akwai, ku je ku gaishe su a makon nan, ku durƙusa, ku miƙa musu igiyoyin biyu, ku yi shiru ku ji abin da za su ce. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa hannuwanku albarka.